Zabon daji da fakara sun iso gida: gashi ko farfesu?

Ranar Asabar wajen la'asar wani abokina da muke aiki tare ya kira ni, wai surukinsa ya aiko masa da zabin daji uku da fakara biyu da kurciyoyi kusan goma daga ƙauye, an zuba a buhu an ba direban mota, yanzu ga su nan a tsakar gida, uwargida ta ce farfesu za a yi shi kuma ransa gashi yake so, wai ni da na taso a hannun mafarauci in raba musu gardama. Na ce malam kafin mu zo maganar wuta buɗe buhun nan ka shinshina tukuna, sannan ka duba an cire kayan ciki ko ba a cire ba. Allah ya taimake shi tsohon ya san aikinsa, duk an farke an cire, an cusa busasshiyar ciyawa a ciki. Da ba a cire ba da gardamar tasu ta ƙare tun kafin a fara, don tsuntsun da ya yi awa shida a cikin but ɗin mota da hanjinsa a ciki ba gashi ba farfesu, sai dai kare.

Kawuna Allah ya jiƙansa shi ya koya min wannan, shi in ya harbi zabo abu na farko bismillah ce tun lokacin da zai ɗana kunama, in ya isa ya tarar da sauran rai sai ya yanka nan take, wuƙarsa kullum tana kugu. Yara masu danƙo su ma su ji wannan, abin da dutse ya buge ya mutu kafin ka kai wuƙa mushe ne, hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambance abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa. Bayan yanka kuma ba ya jira a koma gida, a gindin bishiya zai ɗan tsaga ƙasan ƙirji ya sa yatsa biyu ya jawo hanji, ya cire jakar abincin da ke wuya, ita ce ma take fara tsami don cike take da dawa ko gero da ya jiƙe, ya ware ƙundu da hanta ya cire matsarmama a hankali kada ta fashe, sai ya rataye tsuntsun a jikin keke iska tana dukansa. Leda kam haram a wurinsa, yana cewa wanda ya sa nama mai ɗumi a leda ya dafa shi ne ba wuta.

Na san akwai masu kallon bidiyon Turawan Ingila suna rataye tsuntsu da gashinsa da kayan cikinsa kwana biyar ko mako guda wai ya yi laushi ya ƙara ɗanɗano. Gaskiya ne suna yi, amma su lokacin harbin nasu daga Oktoba zuwa farkon Fabrairu ne, garin kamar cikin firij yake. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kai da kake Kano ko Maraɗi a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 ka gwada haka ka ga ikon Allah. Abin da za ka iya ɗauka daga wajensu shi ne, in kana da firij kuma akwai wuta, tsuntsun da aka gyara tas aka bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a ciki ya fi wanda aka ɗora a wuta yana cikin sandarewa laushi nesa ba kusa ba.

To sai zaɓi na farko, figa ko fiɗa. Mutane da yawa musamman samari in sun ga tsuntsaye da yawa sai su ce wa zai tsaya figa, su kama fatar su zare ta da gashin gaba ɗaya kamar cire riga, minti biyu an gama. Sauri kam akwai, sai dai ka sani ɗan kitsen da tsuntsun daji yake da shi duk a ƙarƙashin fatar nan yake, ba kamar kazar gidan gona ba ce da take zaune tana cin abinci mai ya taru mata har cikin tsoka, zabon daji wuni yake yana gudu, kowa ya ci zomo ya ci gudu shi ma haka. In ka feɗe shi ka ɗora a garwashi abin da za ka samu kamar takalmin fata ne. Don haka duk wanda za a gasa, fige shi za a yi, ba zaɓi. Wanda zai shiga tukunya ko za a yi dambu da shi, nan fiɗa ba laifi, ko da yake ni ko a farfesun ma na fi son fatar don ita ke ba romo jiki.

Figar ma iri biyu ce. Ta bushe, wato ba ruwa, ita ta fi kyau in tsuntsun yana da sauran ɗumi, gashin kurciya da hasbiya ma da ka taɓa yake zubowa, ba su buƙatar ruwan zafi ko kaɗan, fatarsu siririya ce ruwan zafi yayyaga ta yake. Zabo da fakarar da suka riga suka huce kamar na abokin nan nawa sai da ruwan zafi, amma fa ba tafasasshe ba, ruwan da ya fara ƙananan kumfa a gindin tukunya wanda in ka tsoma yatsa za ka janye da sauri, wajen digiri 60, a tsoma a juya rabin minti zuwa minti ɗaya a gwada gashin fiffike, in ya fita ba gardama ya isa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwara masa ruwa yana tafasa a bar shi a roba a tafi hira, kafin a dawo fatar ta dahu, kana jan gashi tana biyo shi. Bayan figa sai a babbaka a harshen wuta kaɗan don ƙananan gashin nan masu kama da suma su ƙone.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda ba a cika maganarsa ba, dalma. Ƙwayoyin harsashin bindigar tsuntsu yawanci dalma ce, masu adaka kuma kowa da abin da yake ɗurawa, wani boris ɗin keke wani guntayen ƙarfe. Boris haƙori zai karya maka, ni kaina akwai turmin haƙorina na hagu da ya tsage a kan cinyar fakara ina ɗan shekara goma sha, har yau in na sha ruwan sanyi sai ya tuna min. Amma dalma ta fi wannan sharri don ita guba ce, mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyuka irin su Bagega da Dareta inda gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara wajen 400, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba ina cewa ƙwaya biyu a jikin zabo daidai take da wancan ba, amma ƙananan yara da masu ciki ko kaɗan ba ta da kyau a jikinsu. Bayan ka fige ka bi fatar da ido, duk inda ka ga rami ka bi shi da tsinin wuƙa, sau da yawa za ka tarar da gashi ya cusa ciki tare da ƙwayar, ka cire, inda jini ya taru ya yi baƙi ka yanke ka yar. Kuma wannan yana shafar zaɓin girki kai tsaye, don tsami yana narkar da dalma, in ka jiƙa naman da lemon tsami ko binega ko ka dafa shi da tsamiya alhali akwai ƙwaya a ciki to ka narka ta a romon da kowa zai sha. A gashi ƙwayar tana zaune inda take, mai ci ya ji ta ya tofar. Don haka tsuntsun da harbi ya yi wa kaca-kaca ni ba na sa shi a farfesun da yara za su sha, sai dai wanda aka kama da tarko ko wanda harbin ya samu a kai da wuya.

Af, tunda na ambaci tarko, in saye za ka yi a bakin hanya ka ga tsuntsaye tuli ba alamar harbi ba alamar tarko a ƙafa, ka yi tambaya, akwai marasa tsoron Allah da suke barbaɗa hatsi da maganin ƙwari a bakin ruwa su zo su kwashe. Wannan ba girkin da ke gyara shi.

Sai tantance shekaru, wanda a ganina shi ne alƙalin gardamar gashi da farfesu gaba ɗaya. Ka danna ƙarshen ƙashin ƙirji da babban yatsa, na matashi guringuntsi ne yana lanƙwasawa, na tsoho ƙam yake. Fakara namiji ka duba kaimin ƙafarsa, irin tamu ma biyu-biyu ne a ƙafa, in dogaye ne masu tsini to ya ga damina da yawa, in ɗan tudu ne kawai na bana ne. Zabo kuma ƙahon kansa, na tsoho ya fi tsawo da tauri, ƙafafun sun yi kaushi. Da yake da damina suke ƙyanƙyasa, daga kaka zuwa cikin hunturu za ka fi samun na bana da suka girma suka ƙoshi da hatsin da ya zuba a gonaki, shi ya sa naman lokacin ya fi na bazara, wanda tsuntsun ya rame yana ta tonon ƙasa. Da damina kuwa kawu ko bindigar ba ya saukewa daga bango, ya ce wanda ya harbi zabuwa a kan ƙwai ya harbi ashirin.

To gashi. Daɗinsa ba sai an faɗa ba, ƙamshin garwashi da yajin ƙuli, ga ɗanɗanon dajin yana nan bai gudu cikin ruwa ba, kuma da wuri ake gamawa. Kurciya da salwa da hasbiya matashiya ai don gashi aka yi su, a tsaga ta baya a baje, gishiri da ɗan man gyaɗa, minti 10 zuwa 15 an sauke, kurciya gaba ɗayanta ba ta fi giram 100 da ɗan wani abu ba, in ka sa ta a farfesu narkewa take ka yi ta tsintar ƙananan ƙashi a romo. Zabo na bana shi ma a tsaga ta baya a danne ƙirjin ya baje, a shafa gishiri da tafarnuwa da citta da mai a bar shi ko awa biyu ne, garwashin ya zama ya yi fari ba mai harshe ba, a fara da ɓangaren ƙashi a ƙasa ya ɗauki kaso biyu cikin uku na lokacin, ana shafa mai da ɗan reshe ko cokali duk bayan 'yan mintuna, man shanu in da hali, wajen minti 35 zuwa 45. Yajin ƙuli sai a ƙarshe, in ka barbaɗa tun farko ƙonewa yake ya yi ɗaci. Matsalar gashi ita ce ƙirji da cinya ba sa nuna tare, kafin cinya ta yi laushi ƙirji ya bushe, kuma ba ya yafiya, minti biyar ka juya baya kana amsa waya shikenan. Sannan ba ya auki, zabo ɗaya bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba tun da gashinsa, in aka gasa mutum biyu ne su tashi suna lashe hannu suna hararar juna. Masu gashi a bakin titi da suke naɗe nama a takarda su mayar gefen wuta suna da hikima, tururin da ke ciki yana sassauta shi, a gida ma za ka iya da takardar foyil, bayan ya yi ja ka naɗe da albasa da ɗan mai ka ajiye a gefen garwashi minti 15.

Farfesu kuwa shi ne mai rufa asiri. Tsohon zabon da in ka gasa sai ka yi dambe da shi, a tukunya awa ɗaya da rabi zuwa biyu a wuta kaɗan-kaɗan zai sallama, kuma wallahi romon tsoho ya fi na matashi daɗi, wannan ko a kajin gida haka ne. Yadda innarmu take yi, ba ta zuba ruwa tun farko, a tukunya za ta sa naman da albasa da yawa da citta da tafarnuwa da masoro da kimba da kanunfari kaɗan da daddawa, ta rufe ya tsotse ruwan jikinsa tukuna har ya fara kamawa, sannan ta tsaida ruwan zafi, attaruhu sai ya kusa nuna. Kanunfari a yi hankali da shi, uku ko huɗu sun isa, in ya yi yawa sai ka ji kamar maganin haƙori kake sha. Kuma kada a bar shi yana tafasa da ƙarfi, tafasar hauka ƙara ɗaure naman take, so ake yana ɗan motsi kawai. Mai tukunyar presha minti 25 zuwa 30 ya gama. Auki kam ba a magana, zabo biyu da romo da burodi ko gurasa gida guda ya ci. Inda farfesu ya gaza shi ne tsokar ƙirji, in ta daɗe a ruwa sai ta zama zare-zare ba ɗanɗano kamar kana tauna auduga, da kuma maganar dalmar nan da na faɗa.

Masu neman gajeriyar hanya na san ana jefa 'yar kanwa, tana sa laushi amma tana canza launi da ɗanɗano, ni ba na so. Ɗanyar gwanda ko naɗe naman a ganyenta na 'yan awanni ya fi, yana aiki sosai. Masu jefa farasitamol a tukunya kuma don Allah a daina, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kan wannan, ba kayan miya ba ne.

Suya ban ba ta muhimmanci sosai ba, in an sulala an soya kamar na sallah yana kwana biyu bai lalace ba, amma tsuntsun daji da dama ba shi da mai in ya shiga tafasasshen mai ƙara ƙandarewa yake. Sai dai in za a mayar da shi cikin miyar dage-dage.

In kuma tsuntsayen sun yi yawa ga ba wuta a unguwa, zaɓin ya koma banda ko dambu. Banda ita ce ta mafarauta, a shafa gishiri a jera a kan waya can sama da wuta mai hayaƙi kaɗan-kaɗan, yini guda ko biyu ana juyawa har ya bushe ƙayau, bayan 'yan kwanaki a sake nuna masa wuta don kada ƙwari su shiga, yana makonni, kuma duk wanda ya taɓa cin miyar kuka da bandar fakara ya san akwai abin da maggi ba zai iya ba. Dambu aikinsa ya fi yawa, a dafa har ya rabu da ƙashi, a tsince ƙashi da ƙwayoyin harsashi da hannu tukuna kafin ya shiga turmi, don in ka daka da dalma a ciki ka baje ta ke nan, sannan a soya a wuta kaɗan har ruwan ya ƙare. Tsoho da wanda aka feɗe duk dambu yana karɓa, shi ne ma ya fi dacewa da su.

Tsuntsayen ruwa nasu daban ne. Mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa sun fi ni sani, amma kirinjijiya da dinya da sauran agwagin fadama gashinsu yana da maiƙo ruwan zafi ba ya shigarsa da sauƙi, figar bushe ake yi a babbaka, a yanke ƙullin man nan da ke saman jela, in kuma ka shinshina ka ji ƙarni to a fata da kitse yake, nan ne kaɗai nake cewa feɗe ka huta. Dinya babba ce, namiji yana haura kilo biyar, kuma tauri gare ta, tukunya ce kawai maganinta, sannan an san a wasu wurare tana cin ƙwaron nan mai guba hangara, gubar ta zauna a namanta kuma dahuwa ba ta kashe ta, don haka ba naman da za a zauna a yi wa cin ƙoshi ba ne. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a wata gonar kaji kusa da Jaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna cikin masu yawo da ita, duk wanda ka tsinta a mace ko yana layi kada ka taɓa, wanda ka harba kuma a dafa shi ya nuna har ƙashi, digiri 74 in kana da ma'auni, in babu ka soka wuƙa a gaɓar cinya ruwan ya fito fari ba ja ba. Wuri irin Dagona a jihar Yobe kuma an hana farauta, gauraka da tuji ma da suka kusa ƙarewa a bar su su sha iska.

Abin da na ce wa abokin nawa ya yi dai shi ne, kurciyoyin duka a gasa a daren. Zabin uku da ya danna ƙirjinsu biyu na bana ne ɗaya tsoho, fakarun kuma ɗaya da kaimi kamar ƙusa. Na ce na banan nan biyu kada ya gasa su ɗungurungum, ya zare tsokar ƙirjin da fatarta ya gasa, minti 12 zuwa 15 sun isa, cinyoyi da fukafukai da baya da wuya da ƙundu duk su bi tsohon zabon da fakarun cikin tukunyar uwargida, bayan an bi ramukan harbi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba lemon tsami. Da yake fakara ɗaya harbin ya cika mata ƙirji na ce a yanke wurin a yar, sauran a dafa daban manya su ci. Wajen ƙarfe tara ya turo min hoto, ga tire na gashi ga kwanon farfesu, ga kuma ƙwayoyin dalma bakwai da ya jera a murfin kwalba, ya rubuta a ƙasa wai ta takwas ɗin haƙorinsa ne ya gano ta.